Fartanyar da Babana Yake Noma da Ita

Idan ka bar birnin Kano da damina ka nausa arewa, ko ta wajen Bichi ko ta wajen Dambatta, ido ba zai sami fili ya huta ba. Gona na ƙarewa, gona na farawa. Gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashinsu, gawo da ɗorawa da kuka a tsaye a tsakiya, layin gamba shi ne iyaka. Tun da rani jakai suke kai taki a mangala, domin ƙasar nan ba ta samun hutu, kowace shekara sai ta ciyar da masu ita. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, yana son gane yadda jama'a masu yawa haka suke noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Mu da muka taso a ciki mun san dokar da ba a rubuta ba: ba a barin gona saura. In mai ita ya tafi ci-rani, ko zama ya kai shi birni, sai ya bar ƙaninsa a kai, ko ya ba da aro, ko ya jinginar. Dole dai a ga sawun wani a cikinta.

Ban taɓa zaton wannan al'ada tana da abin faɗi a darasin Turanci ba sai ranar da na zauna a bayan wani aji, a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke tsakiyar gonakin nan. Malamin ya sa a rubuta jimla a kan kayan aikin gona. Wata yarinya ta fito allo ta rubuta: "This is the hoe that my father farms with it." Na san abin da malamai da yawa za su yi. Za su ja layi a kan kalmar ƙarshe, su ce kuskure ne, a wuce. Shi bai taɓa allin ba tukuna.

"'Yata, faɗa mini wannan da Hausa."

"Malam, wannan ita ce fartanyar da babana yake noma da ita."

"Madalla. To cire ita ɗin nan ta ƙarshe, ki sake faɗa."

Ta ce, "Fartanyar da babana yake noma da..." sai ta tsaya, bakinta a buɗe, ajin ya kwashe da dariya. Maganar ta ƙi ƙarewa. Malam ya bar su suka gama dariyar, sannan ya ce musu Hausa irin mu ce. In suna ya tashi daga wurinsa ya koma farkon magana, ba ta barin wurin saura, sai ta ajiye masa wakili. Fartanya ta tafi gaba, "ita" ta zauna mata a gona. Turanci kuwa barin wurin yake yi fayau, kuma in ka sa masa mai gadi sai ya ce ka yi masa shisshigi. Ya miƙa mata tsumman goge allo. Da hannunta ta goge "it".

Wannan aiki ne na gwani, kuma ina so in bayyana abin da ya sa na ce haka, domin wanda bai taɓa fama da shi ba zai ɗauka ƙaramin abu ne.

Akwai waɗansu 'yan ƙananan kalmomi a Turanci, irin su in, on, at, with, to, for, of, from, waɗanda Turawa suke kira preposition. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san 'yan uwansu a Larabci da sunan haruffan jarri. Aikinsu su tsaya gaban suna, su nuna dangantakarsa da sauran magana: a ina, da me, don wa, daga ina. A jimla miƙaƙƙiya ma suna da wuyar sha'ani ga Bahaushe, saboda "a" ɗinmu guda ɗaya tana ɗaukar kayan da Turanci ya raba wa uku. Mu a gida, a Kano, a kan hanya, duk "a" ce. Shi kuwa "at home", "in Kano", "on the road". To wahalar takan ninka idan aka shiga abin da masu nahawun Hausa suke kira ganga dogarau, wato guntun zancen da yake da aikatau a cikinsa amma ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, sai ya jingina da wani. "Da babana yake noma da ita" ganga dogarau ne, ya jingina da fartanya. A irin wannan wuri suna yakan rabu da 'yar kalmar da take raka shi, kuma sai an san inda kowannensu zai sauka.

Turanci yana da hanya uku a nan. Yana iya barin 'yar kalmar a ƙarshe ita kaɗai: "the hoe that my father farms with". Yana iya yar da "that" ɗin ma: "the hoe my father farms with", kuma wannan ce aka fi ji a bakin masu harshen. Ko kuma ya ɗauko ta ya kawo gaba ta rako wakilin sunan: "the hoe with which my father farms", wadda ita ce ta takardar ofis da littafi da kotu. Hanya ta uku tana da sharuɗɗanta. Ba a cewa "with that", sai "with which". In mutum ake nufi, "whom" ce take biyo bayan 'yar kalmar: "the trader to whom we sold the beans". Abin da babu a cikin ukun shi ne abin da yarinyar ta rubuta, wanda kuma shi ne daidai ɗari bisa ɗari a harshenta.

Inda malamin ya ƙara burge ni shi ne da ya ƙi yarda yaran su tafi da tunanin cewa waɗannan hanyoyi baƙi ne. Ya ce su faɗi "mutumin da na yi wa aiki". Suka faɗa. Ya ce ina wakilin mutumin? Babu. "Wa" tana nan tsaye, sunan da take yi wa hidima ya tafi gaba, kuma kunnen kowa ya karɓa. Ya ce su faɗi "tabarmar da na zauna a kai", da "rumbun da muka zuba dawa a ciki". Nan ma ba dole sai an ce a kanta ko a cikinsa ba. Ashe Hausa ma takan bar wurin fayau, sai dai ba ta yarda a yi haka da "da" ba. Ya juya kan hanya ta uku, ya tambayi wani yaro, "Da wa ka zo makaranta yau?" Yaron ya amsa. Malam ya ce to ka ji, ban ce wa ka zo da ba. Na ɗauko "da" na kawo ta gaba tare da "wa". Haka muke cewa "da me aka yanka?", "daga ina kake?", "da wuƙa na yanke shi". Abin da Bature yake yi a "with which" ke nan, mu a tambaya da jaddadawa muke yin sa, shi ya kai shi har cikin ganga dogarau. Cikin minti kaɗan ya nuna musu cewa duk motsin da Turanci yake nema harshensu ya riga ya saba da shi. Wurin yin sa ne ya bambanta.

Wannan sani ba a tsintar sa a hanya. Sai mutum ya zauna ya saurari harshen uwarsa kamar baƙo. Masana sun rubuta waɗannan abubuwa, tun daga littafin nahawun Hausa na M.K.M. Galadanci na 1976 har zuwa babban kundin Paul Newman na shekarar 2000 da na Philip Jaggar na 2001. Amma kaɗan ne daga cikin masu koyar da Turanci suke leƙa su, domin an saba ɗaukar Hausa da Turanci a matsayin fannoni biyu da ba sa ga maciji. Malamin Turancin da ya san nahawun Hausa yana ganin kuskure tun kafin a yi shi, kamar yadda tsohon manomi yake duban gabas ya ce a kwashe shanya.

Sanin inda 'yar kalmar za ta zauna rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi kayar da ɗalibai a jarrabawa, shi ne sanin wace ce za a ɗauko. Takardar Turanci ta WAEC da ta NECO, waɗanda sai da kiredit a cikinsu ake maganar jami'a, suna son irin tambayar da za a bar gurbi kafin "which" a ce cike. Yaro ya duba gaba ya duba baya bai ga alama ba, sai ya yi canki-canka. Malamin yana da dabarar da yake kira kwance dami. Ya ce jimla mai ganga dogarau dami ce, zangarniya biyu aka ɗaure. Kwance ta, ka mai da sunan wurinsa na asali, ka ga wace kalma ya taso da ita. Ya rubuta misali da riɗin da ake kaiwa kasuwar Dawanau: farashin da muka sayar da riɗi bai yi kyau ba. In ka kwance, za ka sami "We sold the sesame at a price." To ga ta nan, "at". Sai ka sake ɗaurewa: "the price at which we sold the sesame". Ba a zaɓar kalmar daga babbar jimla, daga cikin gangar ake tono ta.

A nan ne ake ganin yadda kowane suna yake da abokiyar tafiyarsa. Rana tana tafiya da "on", shekara da wata suna tafiya da "in", sa'a tana tafiya da "at". Don haka "the day on which the rain began", amma "the year in which the dam was built". Hanya ko salo da "in" suke: "the way in which". Dalili da "for". Gwargwado da "to", shi ya sa ake ganin "the extent to which" a rubutun masana. Mu duk waɗannan da "da" guda muke ɗaure su: ranar da, shekarar da, lokacin da, dalilin da. Har "inda" da "yadda" ma ita ce a ciki. Harshenmu ya sauƙaƙa wannan wuri ƙwarai, shi ya sa yaro yake jin kamar an ɗora masa kayan da ba su da dalili. Malamin ba ya ba su jerin kalmomi su haddace. Cewa yake kada a koyi suna tsirara, a koye shi da rigarsa. Kada ka rubuta "price" a littafinka, rubuta "at a price". Kada ka rubuta "Friday", rubuta "on Friday".

Wani lokaci kuma aikatau ne yake zaɓa. Mu muna dogara da abu, Turanci "depend on" yake cewa. Muna jiran mutum kai tsaye, muna sauraronsa kai tsaye, shi sai ya sa "wait for" da "listen to". Saboda haka ɗan Hausa yakan rubuta "the lorry we are waiting", ya ga jimla ta cika, alhali "for" ta faɗi a hanya. In kuma ya sha gyara har ya tsorata, sai ya fara cusa su inda ba a nema, ka ji "discuss about". Akwai kuma waɗanda ba sa yarda a raba su da aikataunsu. Awakin da nake kiwo "the goats I look after" ne, in ka ja "after" gaba ka lalata magana. Akwai masu kishiyar wannan hali, irin "during", wadda ba ta son zama a ƙarshe, dole a ce "the season during which we harvest". Waɗannan sai kunne, kuma malamin bai ɓoye musu haka ba. Yakan karanta musu jimlolin da ƙarfi, su maimaita, har bakinsu ya saba.

Akwai wani rami da na ga manya masu digiri suna faɗawa. "Saboda" tamu tana ɗaukar suna, tana ɗaukar magana sukutum: saboda ruwa, saboda an yi ruwa. "Duk da" ma haka: duk da zafi, duk da ana zafi. Turanci ya raba aikin gida biyu. In suna ne zai biyo baya, "because of the rain", "despite the heat", "during the harvest". In ganga ce mai aikatau, "because it rained", "although it was hot", "while we were harvesting". Wanda ya ce "despite it was hot" ya ɗaura wa jaki sirdin doki. Haka kuma waɗannan 'yan kalmomi ba sa tsayawa gaban "that" mai ma'anar "cewa". Ana cewa "I am sure of his honesty", amma in aka kawo ganga sai "of" ta janye: "I am sure that he is honest". In dole sai ta zauna, sai a kawo mata suna ta riƙe, shi ne asalin "the fact that" da ta cika takardun gwamnati. Amma gaban "whether" da "what" da "how" tana zama lafiya: "It depends on whether the rain comes early." Malamin ya taƙaita musu da cewa 'yar kalmar nan ba ta cin tuwo sai da suna, ko abin da ya yi shigar suna, kamar aikatau mai "ing" a "after harvesting".

Wani yaro da ke zaune kusa da taga, da gani ya yi karatun allo mai zurfi, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ita ɗin da aka goge, a Larabci dole ce." Malam ya yi murmushi ya ce ya kawo misali. Yaron ya ce alƙalamul lazi katabtu bihi, alƙalamin da na yi rubutu da shi. Gaskiyarsa. Masu nahawun Larabci sun ba wannan wakilin suna, suna ce masa a'id, wato mai komawa, kuma duk wanda ya kai babin mausuli a Alfiyyar Ibn Malik ya gamu da shi. Malam ya ce wa ajin su lura: Hausa da Larabci sun yi tarayya a nan. Ɗan uwansu da ke karatu a Maraɗi kuma yana fama da Faransanci, wanda a daidaitaccensa kullum gaba ake kawo 'yar kalmar, ba a barin ta a ƙarshe. Barin ta ita kaɗai a ƙarshen magana abu ne da harsuna kaɗan suke yi a duniya, Turanci da harsunan ƙasashen Sikandinebiya suna cikinsu. Na ga yadda kafaɗun yaran suka saki da jin haka. Wanda kullum ake nuna masa shi ne bai iya ba, yau an gaya masa harshen da yake koyo ne yake da baƙuwar ɗabi'a.

Su kansu Turawan sun daɗe suna jayayya a kan wannan ɗabi'a tasu. A 1672 marubuci John Dryden ya soki Ben Jonson saboda ƙare jimla da irin waɗannan kalmomi, har daga baya ya koma kan wani rubutunsa na dā yana gyara wuraren da shi ma ya yi haka. Ma'auninsa Latin ne, harshen da ba ya yarda da wannan gini. A 1762 Robert Lowth ya rubuta nahawun da ya yi tasiri sosai, inda ya yarda cewa harshen yana karkata ga barin kalmar a ƙarshe a hira, amma ya fifita kawo ta gaba a rubutu mai nauyi. Waɗanda suka biyo baya suka mai da shawara ta zama haramci, kuma haramcin ya biyo littattafan makaranta har ƙasarmu. Har yau akwai malaman da suke jan kunnen yaro a kan "the man I spoke to", alhali Turanci ne tsantsa. Malamin da nake ba da labari bai ɗauki wannan kaya ba. Ya ce musu duka biyun daidai ne, bambancinsu kamar na babbar riga da 'yar shara ne. Takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma tana son "to whom", wasiƙa zuwa ga yayanka da ke Legas tana son kalmar a ƙarshe. Jarrabawa tana tambayar wasiƙun iri biyu, kuma mai duba takarda yana lura da wanda ya san rigar da ta dace da taro.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da Hausa ya yi wannan aiki duka. Ni a zamaninmu an ci tarata don na yi Hausa a harabar makaranta, kuma na fita sakandare ina jin tsoron "which" kamar kunama. An ɗauka in aka toshe harshen gida, na waje zai sami hanya. Alhali tun makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa aka fara karatun boko a nan, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa. Yaran karkarar nan ba sa jin Turanci a gida ko a kasuwa ko a masallaci. Abin da suka zo da shi aji shi ne Hausa cikakkiya, wasu da Larabcin allo a kai. Malamin da ya ƙi taɓa wannan jari ya bar su hannu rabbana. Ina fata kwalejojin da suke yaye malamai, irin ta Bichi da ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, su riƙa zaunar da ɗalibin Turanci da ɗalibin Hausa a tebur ɗaya, ko da na zango guda ne, su kwance jimlolin juna.

Kafin a tashi ya ba su aikin gida: takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan famfon burtsatsen garinsu da ya lalace. Na koma bayan mako guda na tarar yana duba littattafan a gindin darbejiya, jan biro a hannu. Ya miƙo mini na yarinyar nan. A layi na uku ta rubuta "the borehole on which our village depends". A gefen shafin, da fensir, ga inda ta fara kwance daminta: "Our village depends on the borehole." A ƙarshen jimlar kuma akwai 'yar alamar gogewa, inda ta rubuta "it" sannan ta cire da kanta. Malam ya karɓi littafin, ya yi mata maki, ya jawo na gaba daga cikin tulin.